Farfesan da Ya Zame Mana Majinyaci

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 6 ga Maris, Allah Ya karɓi ran Farfesa, likitan zuciya, malaminmu a kwas ɗin bitar jarrabawar ƙwarewa. Ya cika a ɗakin jinya na hawan sama, iyalinsa da ɗalibansa na kewaye da shi.

Malam, har yau akwai likitocin da ke cewa kwas ɗin bita ɓata lokaci ne, wai duk wanda ya yi karatu zai ci. Su zo su tambaye ni. Na yi karatu har idanuna suka nemi tabarau, amma sau biyu ina faɗuwa. Rubutu bai taɓa ba ni tsoro ba. Da zarar masu jarrabawa sun tsayar da ni gaban majinyaci, sai bakina ya mutu. Dama ɗaya ta rage mini, in ta kuɓuce an rufe mini ƙofa ke nan.

Da na shigo ajinka, gado na tarar maimakon allo. Kai da furfurarka ka cire takalmi, ka haye, ka kama nishi, ka ce a duba ka. Ban taɓa ganin majinyaci mai fitina irinka ba. Wanda ya taɓa ka bai gaishe ka ba, ka juya masa baya. Wanda ya zubo maka yaren likitoci, ka ce, “Ɗan nan, ni manomi ne, faɗa mini yadda zan gane.” Ni kuwa ka yi ta sa ni maimaitawa har tsoron ya gaji ya bar ni.

Jarrabawa na gabatowa, ciwon gaske ya kwantar da kai. Muka ce a dakatar da bita. Sai ka aiko mana da saƙo: “Shekara da shekaru ina yi muku nishin ƙarya, yanzu da na samu na gaskiya za ku gudu?” A kan ƙirjinka muka ƙarasa kwas ɗin, uwargidanka Mama tana gefe tana harararka.

Mun fitar da kai kunya, Malam. Ajin bana babu wanda ya faɗi. Na hau benen da gudu ina kukan murna, na tarar ƙaramin likita ya kawo takardar maganinka yana neman ƙwararren da zai duba masa. Ka ɗaga yatsa da ƙyar, ka nuna ni: “Ba ta biro. Ga ƙwararriya nan tsaye.” Sa hannuna na farko, a kan maganinka na yi shi. Ina alfahari da wannan har ƙarshen rayuwata.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk wanda ya warke a hannunmu ka samu ladansa. Mama, da 'ya'ya, da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma marayun ne.