Hanyar da Gafaru Ya Zana

Gafaru direba ne, mutumin Zangon Kumasi, kuma a duk Doha ban san wanda ya tsani miƙaƙƙiyar hanya kamarsa ba. Kafin ya zo Ƙatar, shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan lori a kan dutsen Kwahu a Ghana, inda hanya take nannaɗe kamar gammo. Nan kuwa ko tudun kirki babu. Duk Juma'a in muka haɗu cin shinkafa a wani ɗan gidan abinci a Al Muntazah, sai ya yi mana ƙorafin da ya saba.

"Wannan ba tuƙi ba ne kraa, ko kaɗan," in ji shi. "Ko akuya ka ba sitiyari, zai kai ka har garin Dukhan."

Ni ɗan Zariya ne, ina aikin gwajin jini a wani asibiti, kuma a wajen cin shinkafar nan muka saba. Shi kuwa shekara bakwai yana tuƙa iyalin Injiniya Abdulhakeem, wani ɗan Kaduna mai aikin gas da ke zaune a Al-Sadd. Injiniya ne kafil ɗinsa, wato da sunansa yake zaune a ƙasar, ba ya canja aiki ko fita sai da amincewarsa. Amma "ɗan'uwa" yake kiransa, kwano ɗaya suke buɗe-baki da azumi. Autar gidan, Sauda, Gafaru ne ya ɗauko ta daga asibiti tana kwana biyu a duniya. Baba Gafaru take ce masa.

A farkon shekarar 2016 Injiniya ya ce in an ba yara hutu zai kai iyalinsa Amurka, su yi hayar mota su zaga duwatsun yamma na sati uku. Ya dafa kafaɗar Gafaru ya ce, "Ɗan'uwa, kai za ka ja mu. Wa na sani da ya iya dutse in ba kai ba?"

Daga ranar nan ba mu sake shan iska ba. Gafaru ya sayi littafin rubutu mai baƙar bango da taswira ƙatuwa, ya shiga zana hanya. Daga Denver ta jihar Colorado su hau duwatsun Rocky, su gangara Rushmore inda aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu a jikin dutse, su wuce Yellowstone inda tafasasshen ruwa ke tsartuwa daga ƙasa, su ƙare a bakin ramin Grand Canyon. Kowace rana da shafinta. Ya rubuta inda za a sha mai, inda za a tsaya sallah, har inda za a ba Sauda maganin amai kafin a shiga kwana-kwana. A gefen shafin gangara ya ja layi biyu ƙarƙashin gargaɗi ga kansa: ƙaramin giya, kada a zauna kan birki. Muka sa masa suna Gwamnan Colorado. Ya je kasuwar Souq Waqif cikin zafin da ke narka takalmi ya sayo rigar sanyi mai gashi, ya sa mana ita a gidan abincin, gumi na zuba, muna ta dariya.

A watan Mayu Injiniya ya karɓi fasfonsa, wai za a kai ofishin jakadanci. Bayan kwana biyu ya miƙo masa takardu uku da Larabci ya nuna inda zai sa hannu. Da ya ba ni labari na ce, "Ka karanta?"

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Chale, abokina, mutumin da muke cin tuwo tare ya miƙo maka takarda, ka tsaya kana dubawa a gabansa? A Zango ba mu yin haka."

Na ce masa ai Amurkawa sai sun ga mutum ido da ido kafin su ba shi biza. Ya ce Masta, wato Injiniya, ya ce yana da hanya. Na bar maganar a nan, kuma har gobe abin yana cina.

Ranar tafiya da safe ya loda akwatuna goma sha huɗu, mota biyu aka yi. Shi kansa ya ce kayan sun yi wa sati uku yawa, amma ya ɗauka tsarabar Hajiya ce, matar Injiniya. Jakarsa na can ƙasa da rigar sanyin a ciki. Littafin kuwa Injiniya ya karɓa tun jiya, wai zai duba. A filin jirgi Hajiya Sa'adiyya ta ja yara suka shige, ko waiwaye ba ta yi ba. Injiniya ya tsaya a bakin mota ya miƙa masa fasfo da wata 'yar takarda mai lambar waya.

"Ɗan'uwa, abin bai yiwu ba. Aikina ya ƙare, daga can Kanada za mu wuce. Amma ban bar ka a titi ba, na mai da kai wani kamfanin bas. Ka kira Mas'udu, shi ne shugaban direbobinsu. Motar kuma da la'asar mai ita zai zo ya karɓa, khalas, shi ke nan."

Gafaru ya buɗe fasfon shafi-shafi. Ba biza, ba alamar an taɓa kai shi ko'ina. Takardun da ya sa wa hannu na sauya kafil ne. Tun Janairu Injiniya ya san zai tafi. Yana son direba har ranar ƙarshe, yana son sa hannu ba gardama, yana kuma son wanda zai zana masa hanya da zuciya ɗaya.

Akwai 'yan'uwanmu da suka ce ai Injiniya ya kyauta, tunda ya sama masa aiki. Ni kam raina ya ɓaci, kuma bai huce ba. Ka ce wa mutum za ka tafi mana. Gafaru ba yaro ba ne, da ya yi maka addu'a ya zana maka hanyar kyauta.

Yanzu ma'aikata yake kwasa daga Sanaiyya, unguwar masana'antu, zuwa wurin gini, hanya miƙe sambal. Cikin sati ukun nan ba ya buƙatar a gaya masa inda su Injiniya suke. Sai ya dubi agogo ya ce, "Yau suna Rushmore." Hotunan da Hajiya ke sawa a waya kuwa ba su taɓa ƙaryata shi ba.

Juma'a ta biyu muna cin abinci saƙon murya ya shigo daga wayar Hajiya. Ya buɗe a gabana. Sauda ce, iska na kaɗawa a bayanta.

"Baba Gafaru, mun ga ruwan da ke tashi sama! Na sha magani a inda ka rubuta. Abba ya ce kai ka ce ba ka son zuwa da mu. Don me? Laifi na yi maka?"

Na ce ya gaya mata gaskiya, ko ya ba ni wayar in gaya mata. Ya ture hannuna. Ya share fuska, ya danna wurin ɗaukar murya.

"Sauda, ba ki yi komai ba. Ni na ce, ƙafata ke ciwo. Ki ce wa Abba gobe akwai gangara mai tsawo, ya sa ƙaramin giya, kada ya zauna kan birki."