Makin da Na Ba Yayan Matata

Aikina a wancan ofishin na Bukan Sidi shi ne in karanta bayani in ba shi maki. Mahaifiyata har yau tana gaya wa mutane ni malamin makaranta ne. Ban taɓa gyara mata ba, don gyaran ya fi aikin wahala.

Kamfanin ƙarami ne. Muna da manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da muke kira wakili. Ɗan kasuwa zai turo hoton kayansa ta waya ya ce a yi masa talla, wakili ya ɗauki hoton ya ɗora a intanet. Shi wakilin bai san komai ba game da kayan aikin da yake ɗora hoto da su sai abin da aka rubuta masa: wane irin hoto ake karɓa, iya girmansa, da abin da zai faru da shi bayan an karɓa. Abin da aka rubuta zai bi, abin da aka manta ba zai tambaya ba. Na yi aiki da mutane masu wannan hali, amma su sukan ji kunya daga baya. Ni nawa shi ne in duba ko rubutun ya isa ya hana wakili yin ɓarna.

Sai aka ɗauki yayan matata aikin gwaji. Tsohon akawu ne, ya daɗe a zaune, ga iyali a Akurba. Manaja ya faɗa a fili cewa zamansa a ofishin ya rataya ne a kan bayanin farko da zai rubuta. Ranar da ya gama, aka ajiye takardar a kan teburina.

Rubutun ya tsaru, babu ko waƙafi da ya kauce. Amma tun a karatun farko na ga ramin. Abin ɗora hoton namu yakan yanke kowane hoto ya mai da shi murabba'i, ya riƙe tsakiya, ya zubar da gefe da gefe. Yaya bai ambaci wannan ba. Da ya ambata, wakili zai riƙa dubawa ko kayan suna tsakiyar hoto, in ba sa nan ya nemi a sake ɗauka.

To, mutumin nan shi ya tsaya mini lokacin da nake neman ƙanwarsa, sa'ad da sauran dangi ke cewa ba su san inda na dosa ba. Ban taɓa zama a kujera yana kan tabarma ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Yanzu an ba ni jan biro an ce in auna shi. Na ba shi tara cikin goma, aka miƙa wa wakili bayanin yadda yake. Ɗayan ma na cire ne don kada a ce son kai.

Niyyata in same shi a gida in gaya masa a hankali ya gyara. Sau biyu na je Akurba. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, muka yi maganar ruwan bana. Duk lokacin da na buɗe baki sai wata gaisuwar ta fito. Na sha ruwa na koma gida.

A makon ne wata mai sayar da doya daga Obi ta turo hotonta. A gidansu ba a ɗaukar hoto manya suna tsakar gida a bar su a gefe, don haka ta zaunar da surukinta da ƙannensa biyu a kan benci a tsakiya, kowanne ya gyara hula, aka tsiba doya dama da hagu. Wakili ya karanta bayanin Yaya, bai ga abin tsoro ba, ya ɗora. Talla ta fita da dattawa uku suna kallon jama'a, a ƙasansu an rubuta doya mai kyau daga Obi da lambar waya. Ko ƙwaya ɗaya ta doya ba ta tsira ba.

Kwana biyu sai ga matar a ofis, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Oga, ina doya na?" ta ce wa manaja da Hausarta ta 'yan koyo. "Na ce talla na doya, kun sa baban miji na. Tun jiya mutane suna kira suna dariya. Baba ya ƙi fita kasuwa, ya ce ni ne na kai shi intanet. Abeg, ku cire shi yanzu yanzu."

Aka cire, aka ba ta haƙuri. Manaja ya sa aka kawo bayanin, ya karanta, ya juya bayan takardar ya ga maki taran da na bayar da sa hannuna. Ya kira mu, ni da Yaya. Ya tambaye ni ko ban ga giɓin ba. Kafin in haɗa amsa Yaya ya ce rubutunsa ne, shi ya kamata a tambaya. Manaja ya ce gwaji ya ƙare, ya sallame shi. Ni aka ja mini kunne aka ce in koma teburina.

Ban koma ba. Na bi Yaya waje, na same shi gindin mangwaro yana ɗaura jakarsa a bayan babur. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na durƙusa.

"Yaya, na gani tun ranar farko."

"Na sani," ya ce. "Zuwa biyu ka yi gidana kana tambayar yara."

Ya ja igiyar ya ɗaure tam, ya hau babur, ya taka sau biyu kafin ya tashi. Sannan ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi.

"Ni na roƙi manaja ya ba ka takardata," ya ce. "Na gaya masa duk ofishin nan kai kaɗai ne ba za ka bari in ji kunya a gaban mutane ba. Ka gaida gida."