Atamfofin Mma da na mayar dalar waya

Ina da shekara arba'in da shida na fara riƙe biro da sunan karatu. Ajin manya ne a Maamobi, bayan la'asar, muna zama a bencin yaran Islamiyya gwiwoyinmu na dukan tebur. Cikin shekara uku na iya karanta takardar kaya, na iya rubuta saƙo a waya ba sai na roƙi kowa ba. Alheri ne, ba na musu. Amma ya hau mini kai. Ko takardar maganin maƙwabciya aka miƙo mini, sai na ɗaga murya wajen karantawa don na tsakar gida su ji.

Shinkafa da mai da tumatirin gwangwani nake sayarwa a kasuwar Nima. Shekarar da sidi, kuɗin ƙasarmu, ya yi mummunar faɗuwa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ki sayar da galan ɗin mai da safe har da ribarki, ki koma sari da yamma kuɗin bai isa ya maido miki galan ɗin ba. Masu sari suka daina faɗin farashi sai sun duba waya. Kuɗi na cikin lalitarki, ba wanda ya taɓa shi, amma yana ƙarewa.

Wani Bazabarme mai kawo albasa daga Nijar, rumfarsa na bayan tawa, shi ya nuna mini mafita. Na ga shi kaɗai ne ba ya kuka, na ce masa, “Baba, kai wane malami ke yi maka aiki?”

Ya yi dariya ya ce, “Malamina na cikin aljihu.”

Ya fito da waya. Ya ce kuɗin waya ne da ake kira kirifto, kuma iri-iri ne, akwai mai hawa da sauka kamar zazzaɓi, wannan ba na 'yar kasuwa ba ne. Akwai kuma wanda aka ɗaure da dala, inda dala ta tsaya nan yake tsayawa. In ya yi ciniki, sai ya ba wani amintaccen ɗan canji sidi, shi kuma ya turo masa wannan dalar a waya. Ranar sari ya mayar da ita sidi. Na ce to wa ke riƙe da littafin da ake rubuta kuɗin kowa? Ya ce ba mutum ɗaya ba ne, na'urori ne barkatai a duniya, kowace da kwafin littafin, abin da aka rubuta ba mai iya gogewa, shi suke kira bulokcen. Ya ce akwai ƙasashen da kuɗinsu ya lalace fiye da namu, da wannan mutane ke tsira da ɗan abin hannunsu.

Na gwada da kaɗan, na ga ya tsaya. Na ƙara. Jarina bai narke ba a shekarar da mata da yawa a layinmu suka naɗe tebur. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada wani ya zaci labarin damfara zan ba shi. Abin bai cuce ni da ko kwabo ba.

Mahaifiyata, Mma muke ce mata, ta yi shekara arba'in tana sayar da koko da ƙosai a bakin masallacin layinmu. Ba ta taɓa shiga banki ba. Duk abin da ta tara, atamfa ta saya da shi, 'yar Holan, turmi-turmi ba a yanka ba, ta jera a akwatin ƙarfe da kafur. Haka matan zamaninta suke yi a Zango. Akwatin mace shi ne shaidarta. In ta rasu aka buɗe a gaban mata, a nan za a san ko ta yi zaman banza ko ta yi aiki, sannan a raba wa 'ya'ya da 'yan'uwa kowa ya ɗaura yana yi mata addu'a.

Lokacin nan Mma ta riga ta kwanta, ciwon ƙafa da hawan jini. Ƙanena direban babbar mota ne, yana yin sati uku bai kwana a gida ba. Matarsa ce ke ɗaki ɗaya da Mma, ita ke yi mata wanka, ta kwashe fo, ta juya ta. Badagomba ce, Hausarta a nan Nima ta koye ta. Shekararta goma sha biyu a gidan da 'ya'ya uku, amma har lokacin Amarya muke ce mata. In na shigo nakan ce, “Matata, me kika dafa wa mijinki?” Ta ce, “Yaya, miji da ba ya ba da kuɗin cefane, ruwa zai sha.”

Wata rana Amarya ta tafi asibiti karɓo magani, na zauna na tasa Mma a gaba. Na ce rufin ɗakin nan na yoyo. Na ce in babban kwalbatin Nima ya cika ya shigo gida fa? In gobara ta tashi fa? In aka ce a kawo kuɗin asibiti yau-yau, wa zai tsaya cinikin atamfa? Na fito da waya ina nuna mata lambobi, ita da ko sunanta ba ta iya karantawa.

Ta ce, “Ke, abin da ba na iya taɓawa, ta yaya zai zama nawa?”

Na ce, “Mma, zamani ya wuce akwati. Ni na yi karatu, na san abin da nake faɗa.”

Haka na ce wa uwata. Ta kalle ni, sannan ta ciro makulli daga bakin zaninta. Ta ce sharaɗi ɗaya, kada kowa ya ji, don abin kunya ne a ce mace ta sayar da akwatinta tana da rai.

Turmi goma sha tara ne a ciki. Na fitar da goma sha shida, bibbiyu, a ƙasan buhun shinkafa, kullum sai na daidaici Amarya ba ta nan. Wata mai atamfa a cikin gari na kai wa, inda ba a san ni ba. Na mayar da kuɗin dalar waya, na buɗe musu ma'aji dabam da nawa. Daga baya na lura farashin 'yar Holan ma bin dala yake yi, wato abin da nake taƙama na gano, Mma ta riga ni da shekara arba'in. Ban gaya mata ba.

Bayan wata bakwai ta rasu, ranar Talata da hantsi, kanta a cinyar Amarya.

Kashegarin addu'ar bakwai aka buɗe akwatin. Ƙanwar Mma, wadda muke kira Inna Ƙarama, ita ce babba a wurin. Mace ce mai baki, ni ma a wurinta na gado. Mata sun cika ɗaki har ƙofa. Ta ɗaga murfi, ta ɗaga turmi ɗaya, biyu, uku, sai ga ƙasan akwati da tsohuwar jarida.

Ta ce, “La'ilaha illallahu. Ina kayan yayata?”

Ta juyo ta dubi matan ɗakin, ta ci gaba:

“Ni na raka ta ta sayi mai ganyen nan kore. Ina yake? Ina mai tsuntsaye? Akwatin nan da ƙyar yake rufuwa!”

Wayar na cikin jakata, jakar na kan cinyata. Kalma biyar ta isa: ni ce na kwashe su. Na buɗe baki, sai na hango yadda za ta kasance: Inna Ƙarama ta juyo kaina a gaban matan layi, ta ce ga 'yar boko, ta yi karatun tsufa ta kwashe akwatin uwarta tana kwance. Na rufe bakina. Na ce wa kaina ai Mma ce ta ce kada kowa ya ji. Ƙarya nake yi wa kaina, na kuma san ƙarya ce, don Mma kunyar masu rai take gudu, ba ta ce a bar wani ya ɗauki laifi ba. Akwai kuma wani tunani da ya ratsa ni, ƙarami, mai ƙazanta: duk duniya ba wanda ya san kuɗin nan sai ni.

Sai wata daga bakin ƙofa ta ce, “To, wa ke kwana a ɗakin?”

Duk ido ya koma kan Amarya. Tana tsaye da tiren ruwa.

Inna Ƙarama ta ce, “Amarya, ina makulli yake kwana?”

“Wajen Mma, Inna. Ni ban taɓa shi ba.”

“Mace ba ta iya tashi, ke ke canza mata zani, ki ce ba ki taɓa makulli ba? Kawo akwatinki.”

“Inna, wallahi…”

“Kar ki yi mini wallahi. Kawo.”

Aka jawo akwatin Amarya tsakar gida, rana tsaka, 'yan haya na leƙe. Aka zazzage. Kayan yara, zannuwanta huɗu da duk mun san su, har ɗan kamfai aka ɗaga. A ƙasa aka sami takardu ƙunshe a leda. Inna Ƙarama ta ce, “Yawwa, ga rasit ɗin inda ta kai. Ke mai karatu, zo ki karanta mana.”

Na karɓa. Na karanta, da muryar nan tawa ta karatu. Takardun kantin magani ne. Maganin hawan jini, man shafawa na ƙafa, auduga, ledar shimfiɗa. Na gane ranakun. Ranakun da ƙanena ke kan hanya ne, ni kuma na ce kasuwa ba ciniki. Da kuɗin ƙanƙarar da take ƙullawa ta saya wa uwata magani, ba ta taɓa faɗa ba.

Inna Ƙarama ta ce, “Wannan ba ya wanke ta. Wa ya sani ko da kuɗin atamfar ta saya?”

Amarya ta dube ni ta ce, “Yaya, ke kin san ni. Ki gaya musu.”

Na ce, “A yi haƙuri dai, a bar maganar, gidan makoki ne.”

Abin da na iya ke nan.

Kwana talatin da biyu na yi shiru. A cikinsu matan layi suka daina sayen ƙanƙararta. Aka daina kawo mata yayin biki, wato atamfar da mata ke ɗinkawa iri ɗaya, ita da kullum ake fara kawo wa. Babbar 'yarta ta dawo daga makaranta da leɓe a fashe, wai wata ta kira uwarta ɓarauniyar gawa. Ƙanena ya dawo, Inna Ƙarama ta tare shi tun a zaure, ya kwana uku bai ci abincin matarsa ba. Ni kuwa ina kasuwa, ina buɗe waya ina duba kuɗin. Suna nan daram, sidi na ta faɗuwa su ko gezau. Littafin da ba a gogewa ya rubuta ranar da kowane kuɗi ya shiga, amma bai rubuta atamfar wa aka sayar ba, bai kuma rubuta wa ya ɗauka a buhu ba. Wannan ni kaɗai ke da shi.

Ana gobe addu'ar arba'in na shiga gidan da rana, na tarar Amarya na tankaɗen garin masar sadaka. Ta rame har wuyanta ya fito. Ta ce mini dangin mahaifinta sun aiko, bayan addu'a za ta tafi arewa da yaran, ƙanena bai hana ba. Ta faɗa ba kuka, ta ci gaba da tankaɗe. Sadakar uwata take shiryawa.

Kashegari bayan malamai sun tashi, mata na rabon masa, na miƙe a tsakar gida. Murya kam Allah ya ba ni. Na ce, “Inna, ku saurara. Atamfofin Mma ni na ɗauka. Goma sha shida. Ni na sayar, da saninta, ni na matsa mata. Kuɗin na nan cikin wayar nan, ko sidi ɗaya bai yi ciwon kai ba. Amarya ba ta san komai ba.”

Inna Ƙarama ta karɓi wayar, ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini. Ta ce, “Wannan zan ɗaura in tuna da yayata?” Sannan ta zage ni, zagin da na guda kwana talatin da biyu, a gaban matan da na ji wa tsoro. Bai kai minti goma ba ya ƙare. Abin da na saya da mutuncin baiwar Allah ke nan, minti goma.

Amarya na durƙushe gaban kaskon masa. Ba ta tashi ba. Ta ce, “Yaya, ranar da aka zazzage akwatina, kin sani?”

Na ce, “Na sani.”

“Da kina karanta takarda, kin sani?”

“Na sani.”

Ta gyaɗa kai, ta juya masar da ke neman ƙonewa.

Kuɗin an mayar sidi, malam ya raba gado yadda shari'a ta ce, kowa ya karɓi nasa. Inna Ƙarama ta je har ɗaki ta ba Amarya haƙuri, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Amarya ba ta tafi arewa ba. Amma ta ce wa ƙanena ba za ta ƙara kwana a gidan da aka ɗaga kamfanta a tsakar gida ba, cikin wata guda suka kama ɗaki a wajen Kokomlemle.

Na je na roƙe ta, ba sau ɗaya ba. Ta ce ta yafe, kuma na yarda, don ba ta iya ƙarya ba. Ranar salla tana aiko yara da tuwo. In na je gidanta takan fito da fara'a, ta ɗauko kujera ta ajiye mini a baranda, ta kawo ruwa mai sanyi, mu gaisa, ta tambayi kasuwa. Shekara uku ke nan ba ta ce in shigo ɗaki ba. Ni ma ban tambaya ba.