Takardar da Ta Kwana a Aljihun Teburina

Shekara bakwai ke nan cif da muka raka wana, Malam Bukar na Madabo, makwancinsa. Duk shekara idan watan ya kama nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda wata takarda da na bari ta yi wata biyu a aljihun teburina.

Ga wanda bai san shi ba, malamin elemantare ne a cikin birni, mafaɗaci, mai saurin tafiya kamar an biyo shi. Bai taɓa zama hedimasta ba, bakinsa ya hana. Amma akwai aikin da ya ɗora wa kansa ba wanda ya sa shi. A lokacin, kamar yanzu, idan aka tura malami kwas sai a nemo wani ya riƙe masa aji kafin ya dawo. Su muke kira malaman riƙon ƙwarya. Yawancinsu dattawa ne da suka yi karatun addini mai zurfi, suka taɓa boko da girmansu. Lissafi ba a gaya musu, Turanci kuwa sai a hankali. Ita kuma takardar sabon tsarin koyarwa da Turanci take zuwa daga sama, a karanta wa malamai na dindindin a taro, mai riƙon ƙwarya yana can an bar shi da tsaron yara.

Yaya Bukar sai ya ari takardar ya kai gida, ya mayar da ita Hausa, ya rubuta da ajami kwafi biyar ko shida da hannunsa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci su hallara a zaurenmu, ya raba musu, ya bi ta layi-layi yana faɗa kamar su suka rubuto ta. Na taɓa yi masa tsiya na ce, "Yaya, wa ya naɗa ka magatakardan tsofaffi?" Ya harare ni ya ce, "Ranar da mai duba makarantu ya zo, ba ya tambayar ko an gaya wa mutum. Abin da ya tarar yana yi shi yake rubutawa."

Da ciwonsa ya yi tsanani ya miƙa min gafakar da yake ajiye takardun. Ya ce, "Ka fi ni Turanci. Kada ka bar dattawan nan a duhu." Na ce to, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Ban yi ba ko sau ɗaya. Aka tura ni kwas, na dawo, aka ƙara min girma, har na zama hedimasta. Elemantare ta koma firamare, takardu suka riƙa zuwa kafin ka gama fahimtar wannan wata ta iso, ko'ina ana ta maganar mulkin kai da yadda za mu kamo na gabanmu. Na riƙa gaya wa kaina cewa zamani ya wuce zaman zaure da ajami. Gaskiyar magana ita ce ƙyuya ce ta kama ni, na sa mata riga mai kyau.

Malam Sidi yana cikin dattawan da suke zama a zaurenmu. Jikan Larabawan nan ne 'yan kasuwa, gidansu wajen Ƙofar Mazugal, ya fi shekara goma yana riƙon aji daga wannan makaranta zuwa waccan. Bana shi ya riƙe min 'yan aji biyu. Sai takarda ta zo cewa a daina fara wa ƙananan yara lissafi da hadda, a ba su tsakuwa da tsinke su ƙirga da hannunsu tukuna. Na karanta a taro. Malam Sidi ba ya wurin, ni da kaina na bar shi da yara. Na ninke takardar na jefa aljihun tebur.

Ranar da mai duba makarantu ya zo, ya tarar ajin Malam Sidi yana rera biyu sau biyu da ƙarfi har ana ji a titi. Ya tambaye shi ina tsakuwar yara. Malam Sidi ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na barin yaro ya shigo min aji da tsakuwa." Ina bakin ƙofa. Mutumin ya juyo ya tambaye ni ko malamai sun san sabon tsari, na ce an karanta a taro. Ban yi ƙarya ba, amma har yau wannan amsar tana hana ni sakewa. Ba a yi sati biyu ba aka cire sunansa daga masu riƙon aji. Na je na roƙa, aka ce an riga an rufe maganar.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Ba na jin zai ƙi sabon tsari, shi da yake cewa yaro ya fahimta ya fi ya haddace. Abin da zai tayar masa da hankali shi ne yadda muke gudu muna barin waɗanda suka riƙe mana ajujuwa lokacin da ba mu da malamai. Kuma na san da ni zai fara.

Juma'ar da ta wuce na buɗe gafakar, na rubuta takardar nan da ajami, na kai wa Malam Sidi har gida. Ya sa aka kawo min ruwa, ya karanta a natse. Ya ce, "Ashe wannan ne. Ai da tsakuwa kakana ya koya min ƙirga a rumfarsa." Sai ya shiga ciki ya fito da ɗaurin takardu, duk rubutun wana, tawadar ta fara koɗewa. Ya zaro ta ƙarshe ya nuna min.

Ya ce, "Ita nake bi tun da ya rasu, Malam. Da na ga ba ka aiko ba, na ɗauka ba a sake canza komai ba."

Abin da ya rage na Malam Bukar ke nan a duniya: takardu a hannun dattijon da ya yarda da gidanmu shekara bakwai. Ya haɗa tawa da su ya ɗaure, ya rako ni har bakin lungu, ya ce in gaida mutanen gida.