Ragowa a Tashar Gilashi

Wani mafarki na yi daren jiya da ya hana ni karyawa yau, shi ya sa na kawo muku shi nan, ko Allah zai sa a samu mai fassara.

Bari in fara da yadda na kwanta. Saura 'yan kwanaki mu zauna jarrabawar shiga jami'a, ni da ƙanwata Nusaiba. Ita wannan ne karonta na farko. Ni kuwa kada ma a tambaya, 'yan ajinmu wasu har sun kusa gama jami'ar. Harhaɗa magunguna nake son karantawa, kuma duk shekara kemistiri ne ke kayar da ni. Abba ya riga ya gaya min, cikin lalama, cewa bana ce ta ƙarshe. In ba a dace ba, in koma shagon ɗinkin Gwaggo Asabe in kama sana'a. Ba raina ɗinki na yi ba, amma ba shi raina ke so ba.

To jiya wuni na yi a kan tsofaffin tambayoyi, na maƙale a irin waɗanda ake ba ka sinadari biyu, giram kaza na wannan, giram kaza na wancan, a ce an haɗa su, wanne zai ƙare, wanne zai yi ragowa, kuma nawa. Na juya giram zuwa mol, wato ma'aunin da ake ƙirga sinadari da shi, na raba, na ninka, amsata ta fito tsaf. Na duba zaɓin da aka bayar, babu ko mai kama da ita. Na sake, wata daban ta fito, ita ma babu. Nusaiba tana gefe tana taunar aya, ta leƙo ta ce ta ukun ce daidai. Ko biro ba ta ɗauka ba. Na ce wa ya tambaye ta, na rufe littafin da haushi na kwanta.

Sai ga ni a tashar mota, amma ƙasan gilashi ne, bangon ma gilashi, ya kewaye mu, da layukan awo a jikinsa irin na kofin gwajin da ake zanawa a littafi. Mata ne cike, wasu da farin hijabi, wasu da shuɗi. Nawa fari ne. Ɗan kamashon yana sanye da farar rigar likita, muryarsa kuwa ta malaminmu na lesin ce sak, yana kiran lodi: jami'a, jami'a, farare biyu shuɗi ɗaya. Duk motar da ta cika a haka sai ta wuce ta cikin bango, bangon bai fashe ba.

Na kutsa na isa gabansa. Ya ce ba zan hau ba sai na faɗa masa wace ce za ta rage in an gama lodi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, bari in ƙirga. Na ɗauko kalkuleta, sai kawai ta zama sabulu, ta sulɓe. Na koma ƙirga da yatsa, duk wadda na nuna sai ta sauya wuri. Na roƙe su su tsaya, ko kallona ba su yi ba. Takaici ya ishe ni har na ji ina cizon leɓe a cikin barcin.

Sai kawai na ji ƙarar keken ɗinki daga ƙarƙashin ƙafata. Na sunkuya. Gwaggo Asabe ce can ƙasan gilashin, tana ɗinki ba ta ɗago ba, ga wani keke a gefenta an goge shi tas, kujerarsa babu kowa.

Ina ɗagowa na tarar tashar ta watse. Masu shuɗi sun ƙare, masu fari ma sun ƙare, mota ɗaya ce tak ta rage, ta riga ta cika, Nusaiba a bakin taga. Ni kuma ban san lokacin da aka ɗora min littattafai ba, duk na shekarun da na zauna jarrabawar, na rungume su har haɓa. Ɗan kamashon ya ɗaga kai sama kamar mai ba wani rahoto, ya ce ragowa ɗaya.

Na ce, "Malam, ai na riga ƙanwata zuwa tashar nan. Ni na koya mata riƙe fensir."

Sai ya buga bayan motar.

A nan ne Nusaiba ta zuro hannu ta taga. Fuskarta ba fara'a ba fushi, hannun kawai a buɗe. Da na zubar da littattafan da na kamo shi, don kusa yake. Amma na tsaya ina tunani: in na kama, kowa zai ga ƙanwata ce ta ja ni; in kuma ba miƙo min ta yi ba, na ji kunya a banza. Ina cikin wannan lissafin motar ta fara tafiya, ba ƙara ba hayaƙi. Ƙarar keken kuma tana ƙaruwa.

Na farka wuyana sharkaf da gumi, Nusaiba tana taɓa ƙafata wai an kira sallah. Da muka idar, tana naɗe sallaya ba ta kalle ni ba, ta ce, "Yaya, in kina so anjima mu yi tambayoyin nan tare."

Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Ga rana ta take, Nusaiba tana ɗaki, ni ina tsakar gida ina rubuta muku wannan, kuma wallahi haushinta nake ji alhali ba ta yi min komai ba.

Don Allah masu sani, ku taimaka min. Kada a ce min gajiyar karatu ce, na san na gaji. Hannun nan nake tambaya: miƙo min shi ta yi, ko bankwana take min?