Curin Taurarin da Yaya Ya Bari

Yayana ya dawo gida Tudun Wada a farkon wata damina, bai ƙarasa karatun da ya tafi yi a ƙasar waje ba. Ciwon suga ne ya taɓa masa idanu. Inna ta sa aka share masa ɗakin da ke kusa da zaure, ni kuma idan na taso daga makarantar da nake koyarwa sai na zama idonsa.

Bayan la'asar muke buɗe kwamfuta, in riƙa bayyana masa hotunan taurarin da ke ciki. Abin da yake nazari a kai shi ne curin taurari, wato taurari dubbai da suka dunƙule wuri guda tamkar curin fura. Ya ce mini suna cikin tsofaffin abubuwan da ke sama. Wasunsu ma baƙi ne, ragowar ƙananan garken taurari ne da namu babban garken, wanda rana ke ciki, ya haɗiye tun tuni. Burinsa ya bambance 'yan gida da baƙi, don a san yadda garken ya girma.

"Auta, tsakiyar a cunkushe take?" Haka yakan tambaye ni.

"A cunkushe, Yaya. Gefen ne a warwatse."

"Launi fa?"

"Jaja-jaja, da ɗan ruwan ɗorawa. Akwai shuɗaye kaɗan."

Sai ya jingina da bango ya yi lissafi da ka, leɓunansa na motsi. Da farko yana ganin hoton dishi-dishi idan na faɗaɗa shi. Kafin kaka ta shigo, hasken fuskar kwamfutar kawai yake iya bambancewa.

Wata rana Inna ta shigo da kunu, ta daɗe tsaye tana kallonmu.

"Ɗan nan, taurarin nan ba gudu za su yi ba. Ka bari ka warke."

"Su ba sa sauri, Inna, idanuna ne ke yi," in ji shi. Ita kuwa ta ajiye kofin ta fita tana goge ido da bakin mayafi.

An yi masa aiki a idon hagu, ba a dace ba. Ranar da aka kwance bandejin, muna dawowa a Keke Napep ta wajen unguwar Kongo, ya ce in kira masa malamarsa da ta kula da bincikensa. Ina riƙe masa da wayar ya gaya mata ta miƙa aikin ga wani ɗalibi.

Yanzu yakan zauna a ƙofar gida da rediyo, maƙwabta su tsaya su gaishe shi. Kwanaki wani baƙo ya tambaye shi me ya karanta a waje.

"Lissafi," ya ce, ya ƙara ƙarar rediyon.