Kulu Ba Ta Zama

A Tama, in aka ce Kulu ɗiyar Kalla mai albasa, abu guda ake tunawa: ba ta zama. Ko rijiya aka aike ta, kafin a juya ta dawo, rabin ruwan ya zube a hanya. Uwarta takan ce, "Ke kam, cinnaku ke cikin zanenki?" A haka ta ƙare lakkwal, wato makarantar boko ta ƙauye, ta ci jarrabawa, aka kai ta kwalejin Madawa a farkon shekarun 1980.

Aji ya zame mata kurkuku. Malami na magana, ita ƙafarta na kaɗawa a ƙarƙashin tebur, idonta na kan manyan motocin da ke wucewa bisa kwalta. Abin da ya riƙe ta shi ne ƙungiyar agajin gaggawa da Mushe Dodo, malamin wasanni, ya kafa. Ya koya wa ɗalibai tsayar da jini, da ɗaure karaya da sanda, da ɗaukar mara lafiya a shimfiɗe. A nan kaɗai ake yaba gudunta.

Ana nan sai aka kira gasa a Buza tsakanin makarantun Madawa, Buza da Keita. A filin ƙwallo aka kwantar da ɗalibai, aka shafa musu jan tawada a madadin jini, wani tsohon ma'aikacin asibiti yana alƙalanci. Yaron da aka ba 'yan Madawa an ce daga saman mota ya faɗo. Ana hura usur Kulu ta bar 'yan uwanta a baya. Yaron yana cewa ba ya jin ƙafafunsa, amma ba ta saurara ba, ta cusa hannu ta tayar da shi zaune.

Usur ya sake tashi. Tsohon ya matso a hankali ya ce, "Ɗiyata, mai ciwon baya ba a tayar da shi. Da a ce da gaske ne, da kin gurgunta shi."

'Yan Keita suka ci. A motar komawa, Kaltuma shugabar ƙungiyarsu ta juya mata baya har Madawa. Kulu ta kasa cin abinci, ta kasa tsayawa wuri guda. Ta sami Mushe Dodo ta ce, "Mushe, ka fidda ni daga ƙungiyar."

"Ba ni fidda ki," in ji shi. "Baɗi akwai gasa. Ki shirya."

Ta shirya kuwa. Duk wanda ya zauna kusa da ita sai ta ɗaure masa hannu. Da hutu, har jakin babanta bai tsira ba. Sai dai baɗin bai zo da gasa ba, da fari ya zo. Damina ta ƙi, rumbu ya ƙare, Kalla ya aiko ta dawo gida. Ba ta sake shiga aji ba.

Zaman jiran ruwan sama ba nata ba ne. Ta bi matan da suka nufi Keita aikin ɗaukar duwatsu, ana jera su a gangaren tsauni don tare ruwa, ana biyan mutane da abinci. Rannan dutse ya suɓuce ya tsaga wa wata dattijuwa, A'i, ƙwauri. Mata suka taru suna salati, wata ta ɗebo ƙasa za ta zuba a ciwon. Kulu ta riƙe hannunta, ta cire kallabinta ta danne wurin. Duk jikinta na son tashi ta nemo mota, amma ta tura wata, ita ta durƙusa tana dannewa har jinin ya tsaya.

A'i ta dube ta ta ce, "Ɗiyar wa ce ke?"

Daga ranar aka ba ta akwatin magani. Safe tana wannan tsauni, azahar tana wancan, mai harbin kunama, mai farcen da ya fita, kowa Kulu yake kira. Bayan 'yan shekaru aka yi mata tayin aiki a wani ɗakin shan magani, da kujera da inuwa. Ta yi godiya, amma ba ta karɓa ba. A makon ne labari ya zo cewa ƙyanda ta shiga ƙauyukan Bangi, ana neman masu bin ma'aikatan rigakafi. Motar ma'aikatan ba ta gama tsayawa ba ta jefa ƙunshin kayanta a baya, ta kama ƙarfe ta haye.